Yadda ake fitar da lotsawar jikin mota ba tare da an taɓa fenti ba

Lotsawar da ƙofar motar wani ta yi wa taka a wurin ajiye motoci, da wadda ƙanƙara ta bari a kan bonet, da wadda wani ya yi da gwiwar hannu garin jingina, yawancinsu suna fita ba tare da an kankare fenti, an shafa fila, wato kwaɓin da ake cike ramin da shi, an sake feshi ba. Babban sharaɗin guda ne: fentin bai tsage ba. Muddin fenti yana nan lafiya, to ƙarfe ne kaɗai ya motsa, shi kuwa ƙarfen jikin motocin yanzu falle ne siriri, kaurinsa bai kai milimita 1 ba, ana iya lallaɓa shi ya koma mazauninsa.

Abin da ya sa nake nacewa a kan wannan hanya shi ne, fentin da mota ta fito da shi daga kamfani ba a maimaita shi. A can, tun motar tana ƙwarangwal, babu kujera, babu waya, babu gilashi, ake tsoma ta ɗungurungum cikin ruwan maganin tsatsa wanda wutar lantarki ke manna shi a kowane lungu, sannan a bi da sauran fentin hawa-hawa, a gasa shi a zafin da ya haura digiri 120 a ma'aunin Celsius. Motar da aka riga aka haɗa ba za ta jure wannan zafi ba, robobinta da wayoyinta za su lalace. Don haka komai ƙwarewar mai fenti, abin da zai yi maka daga baya wani abu ne daban. Launin yana iya dacewa yau, bayan 'yan shekaru ka ga rana ta ci ƙofar da aka sake daban, ta ci sauran jikin daban. Fila ma takan janye ko ta tsage daga ƙarƙashi. Ranar da ka tashi sayar da motar kuwa, mai saye da ya san kan abin zai ɗora 'yar na'urar auna kaurin fenti, nan take ta nuna masa inda aka taɓa. Duk wannan a kan lotsawar da ba ta kai tafin hannu ba, ni dai a wurina asara ce.

Kafin ka taɓa komai, wanke wurin da sabulu, ka goge shi ya bushe ƙarau. Sau da yawa abin da ido ke ɗauka a matsayin ƙarzuwa, fentin ɗaya motar ne ya goga a kan naka, kuma ɗan folish da tsumma mai laushi sun isa su ɗauke shi. Bayan nan ka bi tsakiyar lotsawar da farce a hankali. Idan farcen ya wuce sumul, madalla. Idan ya maƙale a wata tsaga, ko ka hango farin ƙarfe, ko fentin ya yi 'yan tsage-tsage, to wannan ta fita daga aikinmu. Ko ka fitar da ita ruwa zai shiga ta tsagar, tsatsa ta biyo baya.

Sai ka duba inda ta faɗa. Wadda take tsakiyar ƙofa ko tsakiyar bonet, a fili, mai faɗi marar zurfi, ita ce mai sauƙi, kuma da irinta ya kamata mai koyo ya fara. Wadda ta faɗa a bakin ƙofa, inda aka naɗe fallen waje a kan na ciki, ba ta da hanyar shiga ta baya, ƙarfen wurin kuma ya yi tauri. Wadda ta hau kan karin da kamfani ya fitar a jikin ƙofa tana fita, amma sai hannun da ya daɗe yana yi. Kada girma ya ruɗe ka. Lotsawa mai faɗin faranti da ba ta da kaifi ta fi sauƙin fita a kan 'yar ƙarama mai zurfi da wani abu mai tsini ya yi, domin a wajen mai tsinin ƙarfen ya riga ya miƙe. Alamar ƙarfen da ya miƙe ita ce, in ka danna shi da yatsa ya shige ɓas, ka saki ya dawo ɓas, kamar murfin gwangwani. Wannan ya fi ƙarfin gyaran gida.

Ka kuma nemi maganaɗisu, ka naɗe shi da tsumma don kada ya karce fenti, ka ɗora a kusa da wurin. Idan ya kama da ƙarfi ko'ina, ƙarfe ne zalla. Idan ya kama a wani wuri ya yi sanyi a wani, akwai fila a ƙarƙashi, wato an taɓa gyara wurin, kuma fila ba ta lanƙwasa, tsagewa take yi. Idan ya ƙi kamawa sam, to ko roba ce ko alminiyon. Motoci da yawa yanzu bonet ɗinsu na alminiyon ne ko da sauran jikin ƙarfe ne, akwai kuma waɗanda jikinsu na alminiyon ne, irin Audi A8 tun 1994 da Ford F-150 daga ƙirar 2015. Alminiyon ba ya son komawa inda ya fito yadda ƙarfe ke yi, yana buƙatar ƙarin ƙarfi, kuma da an wuce gona da iri sai ya kafe a nan. Shawarata ga wanda bai saba ba ita ce ya bar wa masu sana'ar.

Yanzu ga abin da na fi so kowa ya fahimta, domin a nan ne mafi yawan masu gwadawa ke ɓata aiki. Lotsawa ba rami ba ne kawai. Lokacin da wani abu ya bugi fallen ƙarfe, ƙarfen da ya shige ciki yana ture na gefensa, sai wani ɗan tudu ya taso a kewaye, galibi a gefen da bugun ya nufa. Ido ba ya saurin ganin wannan tudu, amma shi ne ke riƙe da ramin ya hana shi tasowa. Wanda bai san da shi ba sai ya yi ta tura tsakiya da ƙarfi, ramin ya ƙi motsi, ya ƙara ƙarfi, daga ƙarshe ya fito da wani ƙullutu mai tsini a tsakiyar ramin, fenti ya tsage a kansa. An je gyaran gira an rasa ido ke nan. Aikin gaskiya biyu ne ke tafiya tare: ana ɗaga ramin kaɗan, ana kwantar da tudun kaɗan, ana komawa, har su haɗu a daidai.

Ba kuma za ka iya yin wannan ba sai kana gani, ganin da nake nufi kuwa ba kallon fentin ba ne, kallon abin da fentin ke haskowa ne. Masu sana'ar suna amfani da wani allo mai layuka baƙi da fari a jere, ko doguwar fitila mai irin wannan zane. Kai ma za ka iya haɗa naka: farin kwali mai tauri, ka ja masa baƙaƙen layuka miƙaƙƙu a jere da alƙalami mai kaurin baki, tazararsu ɗaya, kamar rabin santimita zuwa santimita guda. Idan babu, doguwar fitilar silin ma tana yi. Ka kafa allon a gaba da lotsawar, kai kuma ka tsaya a ɗaya ɓangaren, ka sunkuya har ka ga hoton layukan ya kwanta a kan wurin. A inda jikin motar yake lafiya za ka ga layukan sun tafi a miƙe. Da sun iso ramin sai su buɗe, su yi kauri, su zagaye shi. A kan tudu kuwa sai su matse, su tsuke wuri guda. Ka zauna ka yi ta kallon wannan, kana ɗan matsar da kanka sama da ƙasa, har idonka ya iya cewa ga tsakiyar ramin, ga iyakarsa, ga inda tudun yake. Lokacin da ka ɓata a nan ba ɓatacce ba ne. A yi aikin a inuwa ko cikin gareji, domin hasken rana tsaka yana wanke layukan, ba ka ganin komai.

Hanya mafi sauƙi, wadda ba ta cutar da komai, ita ce ta zuƙa. Robar nan mai kofi da ake buɗe toshewar bututun ruwa da ita, ko irin wadda masu ɗaukar gilashi ke amfani da ita, ka jiƙa bakinta da wurin, ka manna, ka ja a miƙe a hankali. A kan lotsawa mai faɗi marar kaifi, irin wadda jingina ke yi, wani lokaci ja ɗaya sai ka ji ta fito. Ga ƙaramar lotsawa kuwa ba ta da amfani, kada ka wahalar da kanka.

Ta biyu ita ce ja da gam, kuma ita ce na fi ba mai gyaran gida shawara, saboda ba sai ka kwance komai ba. Ana sayar da kayan a haɗe: bindigar narkar da gam, sandunan gam na wannan aiki, da wasu 'yan robobi masu faffaɗan kai da ɗan wuya da ake ce wa tab, girma daban-daban, sai majayi. Majayin iri biyu ne. Akwai mai ƙafa biyu da ke tsayawa a jikin motar ana matsa shi da hannu, akwai kuma doguwar sanda mai nauyi da ke zamewa a kanta ana fizga. Mai ƙafa biyun ya fi dacewa da mai koyo, domin yana ba ka damar ja da awo. Gam ɗin kuma a tabbata na jan lotsawa ne. Wanda ake aikin hannu da shi ba ya riƙewa, su kuwa gam masu kamawa na dindindin kada ma su kusanci fentinka.

Ga yadda ake yi. Ka goge wurin da sifirit, irin isopropyl mai ƙarfin kashi 90 ko sama, don ya cire maiƙo da folish, in ba haka ba gam ba zai kama ba. Jikin motar ya kasance da ɗumi daidai: idan ya sha rana ya yi zafi gam ba zai daskare ba, idan ya yi sanyi ƙwarai gam zai daskare tun bai kama ba. Ka zaɓi tab da bai kai faɗin ramin ba, domin in ya hau kan gefe to gefen zai ja, ramin yana nan. Ka bar bindigar ta yi zafi sosai har gam yana zuba da kansa, ka ɗiga a kan tab ɗin ya rufe fuskarsa, ka ɗora shi a tsakiyar ramin nan take. Kada ka danna shi har ƙasa. Ana son ɗan gam ya rage tsakanin roba da fenti, shi ne ke ɗaukar jan. Ka ba shi 'yan mintoci, ka taɓa wanda ya ɓullo ta gefe da farce. Idan ya daina manne wa yatsa, ya yi tauri amma farce yana ɗan shiga, lokaci ya yi.

Sai ka saƙala majayin, ka daidaita ƙafafunsa a wajen lotsawar, ka fara matsawa kaɗan-kaɗan kana saki, idonka a kan layukan allon. Za ka ga ƙarfen yana tasowa yana komawa, kowane matsi yana ɗan barin wani abu. A ƙarshe tab ɗin zai ɓalle da ƙara, wannan ba matsala ba ce, haka ake yi. Gam ɗin da ya rage a jikin fenti, ka ɗiga masa sifirit a gefe, ka jira ya ratsa ƙarƙashi, sai ya ɓare gaba ɗaya da yatsa ko da 'yar roba mai faɗi. Kada ka kai masa wuƙa ko reza. Sannan ka sake duba layukan. Ramin ya ragu? Ka ɗauki tab mafi ƙanƙanta ka maimaita. Da wuya ja ɗaya ya gama aiki, ka sa a ranka cewa za ka yi ta komawa.

Gargaɗi ɗaya a nan, kuma da gaske nake: idan an taɓa sake wa wurin fenti, gam yana iya ɗago fentin gaba ɗaya ya bar maka tabo. Fentin kamfani ne ke jure wannan ja. Idan motar hannu ce ka saya kuma ba ka san tarihinta ba, ka duba gefen ƙofar da robobin gilashi ko akwai burbushin feshi, ka kwatanta hasken wannan ƙofa da na maƙwabciyarta. In zuciyarka ba ta kwanta ba, ka bar gam.

Ja da gam kusan kullum yana barin ɗan tudu a inda tab ya zauna, ga kuma tudun asali na kewaye. A nan madanni ke shigowa: 'yar sandar roba mai tauri, tsawon fensir, mai santsin baki, da ƙaramar guduma marar nauyi. Ka ɗora bakin madannin daidai inda layukan suka tsuke, ka riƙe shi a tsaye cak, ka buga. Bugun nan fa ba na ƙusa ba ne. Nauyin gudumar kaɗai ya isa, daga wuyan hannu, ƙwas ƙwas, biyu ko uku, sai ka ɗaga ka duba. Idan tudun dogo ne, ka bi shi daga wannan kai zuwa wancan, bugu kusa da bugu, kada ka tsaya wuri ɗaya kana dukansa. Abin da ke ba ni sha'awa har yau shi ne yadda rami kan taso da kansa idan aka kwantar da tudun da ke riƙe da shi, ba tare da an taɓa tsakiyar ba. Duk wanda ya ga haka da idonsa sau ɗaya ya fahimci aikin. Ka riƙa goge bakin madannin, domin ƙwayar yashi ɗaya a kansa ta isa ta huda fenti.

Hanya ta uku ita ce ta masu sana'a, turawa daga baya da sandunan ƙarfe masu lanƙwasasshen baki. Ita ce ke ba da aiki mafi tsabta, ita ce kuma mafi wuyar koyo. Da farko sai an sami hanya. Bonet da murfin but suna da sauƙi, a cire abin da aka lulluɓe cikinsu da shi, ko da yake akwai ƙarafan ƙarfafawa da kan tare wasu wurare. Gefen baya ana shiga ta ramin fitilar baya in an kwance ta, fenda kuma ta bayan robar da ke saman taya. Ƙofa ana shigarta ta sama: a sauke gilashi har ƙasa, a sa ɗan abin buɗa tsakani na roba, a zura wani faranti na roba ko na ƙarfe mai santsi ya kare gilashin, sannan sanda ta bi. Kada ka tsallake wannan faranti. Gilashin ƙofa a yawancin motoci irin wanda aka gasa ne, yana da ƙarfi a fuska amma bakinsa ba ya son taɓi, sandar ƙarfe tana matsa shi sai ya tarwatse gaba ɗaya.

Cikin ƙofa ba fanko ba ne. Akwai wayoyi, akwai injin ɗaga gilashi, akwai sandunan makulli, akwai ƙarfen kariya da ya gitta daga wannan gefe zuwa wancan. Duk wayar da ka ga mahaɗinta rawaya ne, ta jakar iska ce, wadda ke kumbura ta kare mutum lokacin haɗari, ka nisance ta. Ginshiƙan mota da gefen rufi nan ne jakar iska ta gefe ke kwance a motoci da yawa, don haka lotsawar rufi da ke buƙatar sauke silin ba aikin gwaji ba ce. A motoci masu lantarki da masu haɗa lantarki da fetur, wayoyi masu launin ruwan lemo suna ɗauke da wuta mai kisa, ba a kusantarsu. Kuma don Allah kada ka huda jikin mota da injin huji don neman hanya. Ramin da ka huda ya yanke rigar maganin tsatsar nan ta kamfani, daga nan ruɓewa ke farawa. In babu hanya ta baya, ka koma ga gam.

Idan sanda ta shiga, ƙa'idar farko ita ce ba a turawa sai an ga bakinta. Ka naɗe bakin da tef don ya yi laushi, ka jingina sandar da wani wuri mai ƙarfi, ka ɗan goga bakin a bayan fallen ba tare da matsawa ba. A cikin layukan allon za ka ga wani ɗan wuri yana tsukewa yana tafiya yadda hannunka ke tafiya, to bakin sandarka ke nan. Ka bi da shi sannu har ya iso inda kake so, sannan ka murɗa hannu ka tura kaɗan, ka saki. Ƙarfe yana da ɗan dawowa, saboda haka kowane turi sai ya ɗan wuce daidai kafin ya zauna, amma wucewar ta zama ƙanƙanuwa ƙwarai. Turi ƙanana masu yawa, kusa da juna, su ne aikin. Ga 'yar ƙaramar lotsawa zagayayya, ni daga ƙasan ramin nake farawa, daidai tsakiya, da baki mai laushi, sannan in bi kewaye. Ga mai faɗi, sai in fara kwantar da tudu, in riƙa cin ramin daga gefe ina matsowa ciki. Ga mai kari, doguwa kamar an ja layi, ana bin ƙasan karin ne daga ƙarshensa, turi bayan turi a kan layin, domin in ka tura gefensa sai karin ya ƙara tsukewa ya kafe.

Ɗumi yana taimakawa a duk waɗannan hanyoyi na turi da bugu. Fenti mai sanyi yana da saurin tsagewa, mai ɗumi yana bin ƙarfe. Na'urar busar da gashi ta isa. Idan bindigar zafi ce a hannunka, ka sani tana iya haura digiri 500, tana ƙona fenti cikin daƙiƙoƙi. Ka riƙe ta nesa, kana yawo da ita, ka riƙa gwadawa da bayan hannu. In hannunka ba zai iya zama a wurin ba, zafin ya yi yawa.

Akwai dabarun da ke yawo a intanet, a zafafa wuri sannan a fesa masa iskar gwangwani a kife, ko a goga busasshiyar ƙanƙara, wato daskararriyar iskar carbon dioxide, wai lotsawa ta fito da kanta. Wadda irin wannan ke fitarwa ita ce wadda da ma robar zuƙa za ta fitar. Busasshiyar ƙanƙara sanyinta ya kai digiri 78 ƙasa da sifili, tana ƙona fata, kuma sauyin zafi zuwa sanyi farat ɗaya ba alheri ba ne ga fenti. Ban ga dalilin yin su ba.

Bamba kuwa labarinta daban, domin roba ce. Idan ka leƙa bayanta sau da yawa za ka ga an buga PP, wato irin robar da ke laushi in ta ji zafi, ta kuma riƙe siffar da ta huce a kai. Kusurwar bamba da ta shige ciki tana daga cikin gyare-gyaren da suka fi daɗin yi. Ka kwance robar saman taya ko ta ƙarƙashi don hannunka ya isa bayan wurin. Ka kwarara ruwan zafi a hankali a kan lotsawar da kewayenta, ko ka bi ta da na'urar zafi, har robar ta yi laushi. Kewayen ya fi tsakiyar muhimmanci, domin a nan ta karye. Ka sa safar hannu mai kauri, ka tura daga baya da tafin hannu ko da guntun katako mai zagayayyen kai da aka naɗe da tsumma, kana farawa daga gefe. Da ta fito, kada ka saki. Ka riƙe ta a haka, wani ya ɗora jiƙaƙƙen tsumma mai sanyi har ta huce, in ba haka ba za ta koma. Ka lura da na'urorin da ke jikin bamba, irin masu ƙara in za ka yi ribas da wayoyinsu, kada ruwa ko zafi ya same su. Ruwan zafi kuma yana gangarowa hannu da ƙafa, ka tsaya ta inda ba zai zubo maka ba.

Da za a bi ta tawa, babu wanda zai fara koyo a jikin motar da yake hawa. Ka nemi tsohuwar ƙofa ko bonet a wurin masu sayar da kayan motocin da aka kwance, mai fenti mai duhu, domin duhu ya fi nuna layuka. Ka yi mata lotsawa da kanka da wani abu mai zagayayyen kai, ka fitar, ka sake yi. A nan za ka san iya ƙarfin da ke tsaga fenti, ka san yadda tudu ke kwanciya, ba tare da ka yi asarar komai ba.

Sanin lokacin tsayawa ma yana cikin aikin. Ƙarfe yana ƙara tauri duk lokacin da aka lanƙwasa shi, don haka wurin da aka yi ta turawa ana bugawa yakan kai matsayin da ba ya jin magana, fuskarsa ta cika da 'yan ƙuraje. Idan ka kai inda mutum a tsaye ba ya ganin komai sai ya sunkuya da allo, kuma ka ga ƙarin taɓawa ba ya ƙara kyau, ka ajiye kayan. Idan kuma tun farko ka ga ta fi ƙarfinka, ka kai wa mai wannan sana'a tun ba ka taɓa ba. Lotsawar da ba a taɓa ba ta fi sauƙin gyara a wurinsa a kan wadda aka jagwalgwala. Haka ma motar da ƙanƙara ta yi wa ruwan lotsawa a rufi da bonet, wannan aikin mai cikakkun kaya ne.

In ka gama, ka matsar da allon zuwa wani ɓangare ka sake dubawa, domin abin da ya ɓuya ta gaba yakan bayyana ta sama ko ta baya. Ka goge sauran gam da sifirit, ka bi wurin da folish mai laushi don ya ɗauke 'yan tabon madanni, sannan ka shafa man kare fenti, tunda sifirit ya wanke wanda ke wurin. Idan ka yi aiki da sanda, bakinta ya ɗan karce bayan fallen ko da ba ka gani, saboda haka ka fesa maganin tsatsa mai maiƙo ta hanyar da ka shiga. Ka mayar da robobi da maƙalansu, wanda ya karye ka sauya shi don kada ƙofa ta riƙa ƙara a hanya. Sannan ka ɗaga gilashi ka sauke, ka gwada makulli ta ciki da ta waje, ka kunna fitilun da ka kwance ka tabbata duk suna kamawa kafin ka hau titi.